Ku Tambaya Mu Amsa: Yuraniyom ɗin Nijar, yaƙin Iraƙi da alƙawarin komawa wata

Jama'a barkanmu da sake saduwa. A fitowar da ta wuce na yi wata 'yar magana a gefe wadda ban ma zaci za ta ja hankali ba, na ce tsohon shugaban Amurka George Bush ƙarami ya tsaya gaban duniya sau biyu cikin shekara guda, a Janairun 2003 ya ce Saddam Husaini na da makaman ƙare-dangi saboda haka sai an yaƙe shi, a Janairun 2004 kuma ya ce Amurka za ta mai da mutum duniyar wata kafin 2020 ta wuce, to makaman dai ba a gan su ba, 2020 kuma ta zo ta tafi ba wanda ya taka watan. Ashe na sosa wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi, saƙonni suka yi ta shigowa har da mai ɗan zagi a ciki. Ga waɗanda na tsinto.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Maraɗi: Salam Malam da fatan kana lahiya. Ni lokacin da aka yi yaƙin nan ina goye, amma babana kullum in zancen ya taso sai ya ce wai da sunan ƙasarmu aka ci Iraƙi da yaƙi, wai an ce mun saida ma Saddam iraniyom. Da gaske ne ko dai zancen fada ne kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan samari. Baba ya fi ka gaskiya, in ka taɓa yi masa musu ka je ka ba shi haƙuri.

Ranar 28 ga Janairun 2003 Bush yana jawabin shekara gaban majalisar dokokin ƙasarsa sai ya faɗi wata jimla mai kalma 16 da Turanci, ma'anarta wai gwamnatin Birtaniya ta gano cewa kwanan nan Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Bai kama sunan Nijar ba amma duk wanda ke cikin harkar ya san inda aka dosa. Ka kuma lura da wayon da ke ciki, bai ce mu muka gano ba, Birtaniya ya jingina wa, don ko a lokacin mutanensa na CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ba su yarda da labarin ba, 'yan watanni kafin nan ma sun sa an cire irin wannan magana daga wani jawabin nasa.

Wasu takardu ne suka ɓulla a Italiya, masu hatimi da tambarin gwamnatin Nijar, suna nuna wai an ƙulla cinikin tan 500 na garin yuraniyom ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ake durawa a ganga. Tun a Fabrairun 2002 CIA ta tura wani tsohon jakada mai suna Joseph Wilson zuwa Yamai ya bincika, mutumin ya san garin don ya taɓa aiki a can yana ƙaramin ma'aikaci, ya zauna da tsoffin ministoci da masu harkar ma'adinai ya sha shayi da su, ya koma ya ce abin nan da kamar wuya. Kuma kai da kanka ka yi lissafi. Ma'adinan Arlit guda biyu, Somaïr da Cominak, a hannun kamfanin Faransa Cogema suke a lokacin, abin da Nijar ke haƙowa a shekara bai fi kamar tan 3,000 ba, kowace ganga da lissafinta, a mota ake ɗauko su tun daga Arlit a keta ƙasar har Benin a kai tashar ruwan Kwatano. To ta yaya kashi ɗaya cikin shida na kayan shekara zai yi ɓatan dabo Faransawa ba su sani ba, direbobi ba su sani ba, 'yan duwan ba su sani ba? Ko buhun gero 500 ne ya fita daga Maraɗi ai sai an ji labari a tasha.

Da takardun suka isa hannun hukumar nukiliya ta duniya ba su ɗau lokaci ba suka gane na bogi ne, kuma bogin ma na marar basira. Wasiƙa ɗaya mai kwanan watan Oktoban 2000 an sa mata hannu da sunan Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali bawan Allahn nan ya bar kujerar tun 1989. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Muhammad ElBaradei ɗan Masar, ya faɗa wa Kwamitin Sulhu ƙarara cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Kwana 13 bayan nan bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza.

Don kar in ci haƙƙin kowa, labarin yana da ɗan abin da ya jingina da shi. Iraƙi ta taɓa sayen yuraniyom a Nijar a farkon shekarun 1980, kuma a Fabrairun 1999 zamanin Bare Mainasara jakadan Iraƙi a fadar Paparoma ya kawo ziyara Yamai, da wannan ziyarar Birtaniya ta yi ta kafa hujja har bayan yaƙi. Sai dai masu binciken da Amurka da kanta ta tura Iraƙi sun rubuta a rahotonsu na 2004 cewa ba su ga wata shaida da ke nuna Saddam ya nemi yuraniyom a waje bayan 1991 ba.

Shi kuwa Wilson da ya ga an yi shiru sai ya rubuta a jaridar New York Times ranar 6 ga Yulin 2003 cewa shi fa ya je Nijar bai samu komai ba. Fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa bai kamata jimlar ta shiga jawabin ba, amma kwana takwas da rubutun sai ga sunan matarsa a jarida an tona cewa jami'ar leƙen asiri ce, aikinta ya mutu kenan. Wani babban hadimin mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, ana ce masa Scooter Libby, kotu ta same shi da laifin yi wa masu binciken tona asirin matar ƙarya a 2007, Bush ya ɗage masa zaman gidan yari, Trump ya zo a 2018 ya yafe masa gaba ɗaya.

TAMBAYA, daga wata malamar makaranta a Zariya: Malam ina wuni. Ni abin da ke ɗaure min kai shine, kuskure suka yi ko da gangan suka shirya ƙarya? Don ɗalibaina sun tambaye ni na rasa ta cewa.

AMSA: Lafiya lau Malama, ya ɗalibai. Wannan ita ce tambayar da har yau Amurkawa ke faɗa a kanta, ni kuma ga inda na tsaya. Ina ganin da yawansu sun yi imani da gaske cewa za a samu wani abu in an shiga, amma sun riga sun yanke shawarar yaƙin kafin hujja ta zo, sai ya zama duk labarin da ya dace da abin da suke so a rungume shi, wanda bai dace ba a tura shi ƙarƙashin tabarma. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Harin 11 ga Satumban 2001 mutum 19 suka kai shi, 15 'yan Saudiyya ne, babu ɗan Iraƙi ko ɗaya, amma aka yi ta haɗa sunan Saddam da Alƙa'ida a jawabi bayan jawabi har talakan Amurka ya ɗauka shi ya turo su.

Ina tuna daren 5 ga Fabrairun 2003, muna teburin mai shayi an kewaye 'yar rediyo, ana ba da labarin jawabin Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, a Majalisar Ɗinkin Duniya, washegari kuma muka ga hoton a talabijin, ya ɗaga wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba da farin gari a ciki yana nuna yadda ƙwayar cutar antaraks 'yar kaɗan za ta iya yin ɓarna, ga shugaban CIA George Tenet zaune a bayansa kamar mai tsaya wa wani a kotu. Wallahi a teburin nan akwai waɗanda jikinsu ya yi sanyi, don Powell mutum ne da ake ganin girmansa, wani dattijo ma cewa ya yi baƙar fata ɗan'uwanmu ba zai yi mana ƙarya ba. To babban abin da ya dogara da shi a jawabin, wato wai akwai manyan motoci da ake haɗa makamai masu guba a cikinsu ana yawo da su, daga bakin mutum ɗaya ya fito, wani ɗan Iraƙi mai neman mafaka a Jamus, Amurkawa ba su ma zauna sun yi masa tambayoyi da kansu ba kafin yaƙin, Jamusawan da ke riƙe da shi kuma sun nuna shakku a kansa. A 2011 mutumin ya fito ya faɗa wa jaridar Guardian cewa shi ya ƙirƙiri labarin don yana so a kawar da Saddam. Powell kansa daga baya ya ce jawabin tabo ne a tarihinsa.

A Ingila kuma firaministan lokacin Tony Blair ya fitar da wani kundi a Satumban 2002 da ke cewa Iraƙi za ta iya harba makamanta cikin minti 45. Sai a 2005 wata takardar sirri ta taron da Blair ya yi a Yulin 2002 ta fita, inda shugaban leƙen asirin Birtaniya da ya dawo daga Washington yake ba da rahoton cewa can fa ana daidaita bayanai ne su bi shawarar da aka riga aka yanke. Kwamitin Chilcot da gwamnatin Birtaniya ta kafa, wanda ya yi shekara bakwai yana bincike kan yaƙin, ya ce a 2016 an gabatar da barazanar da tabbacin da ba ta kai ba, kuma ba a ƙure hanyoyin sulhu ba kafin a ɗau bindiga.

Kuma ba wai ba a faɗa musu ba ne a lokacin. Hans Blix, shugaban masu binciken makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya, da mutanensa suna cikin Iraƙi suna buɗe ɗakunan ajiya suna neman ƙarin watanni. Ranar 15 ga Fabrairun 2003 miliyoyin mutane suka fito titi a Landan da Roma da Madrid da sauran birane. Mandela ya yi musu tatas. A Kwamitin Sulhu ana neman ƙuri'a 9, aka yi ta zawarcin Kamaru da Gini da Angola da ke da kujera a lokacin, ƙuri'un ba su cika ba, Faransa ta ce za ta hau kujerar na-ƙi, sai suka janye ƙudurin suka tafi yaƙinsu haka nan. Kofi Annan ya ce a 2004 yaƙin ya saɓa wa dokar Majalisar.

Abin da ya fi tsaya min a rai dai shi ne wata liyafar 'yan jarida a Maris 2004, Bush ya nuna hotunan kansa yana leƙa ƙarƙashin kujerun ofishinsa yana barkwancin wai makaman nan dole suna wani wuri, manyan mutane cikin kwat suna ta dariya. A lokacin sojojinsa sama da 500 sun riga sun mutu, na Iraƙawa kuwa ba a ma maganar ƙirge. Ki ba ɗalibanki wannan labarin su yanke hukunci da kansu.

TAMBAYA, daga wani mai karatu a Kaduna: Malam gaskiya ka ban kunya. Kana kare azzalumi irin Saddam wanda ya kashe mutanensa da iskar guba? Ko ba makamai ai cire shi alheri ne.

AMSA: Allah ya huci zuciyarka ɗan'uwa. Ban kare shi ba kuma ba zan kare shi ba. A Maris 1988 ya sa an zuba wa garin Halabja na Kurdawa iskar guba, kimanin mutum 5,000 suka mutu, mata da goyo a bayansu. Ya afka wa Iran a 1980, ya mamaye Kuwait a 1990, ya murƙushe 'yan Shi'a a kudu a 1991. Duk ya yi.

Amma ka tuna a shekarun da yake amfani da gubar nan a kan Iran abokin tafiyar Amurka ne, Donald Rumsfeld da ya jagoranci yaƙin 2003 a matsayin sakataren tsaro shi ne ya je Bagadaza a Disambar 1983 ya yi musabaha da shi, hoton yana nan. Sannan ba da zaluncinsa aka nemi izinin majalisa da na duniya ba, da makamai aka nema, sai da aka rasa su ne zancen ya koma na 'yantar da mutane da shuka dimokuraɗiyya. In ka ce min za ka shiga gidan maƙwabci don akwai bam a ciki, ka rushe gidan, ba bam, sai ka ce ai da ma mugu ne yana dukan matarsa, to mugun ne, amma ni ba abin da ka faɗa min kenan ba da na ba ka aron gatari. Ga kuma abin da ya biyo baya, a Mayun 2003 Paul Bremer da aka ɗora a kan ƙasar ya rushe rundunar sojan Iraƙi da sa hannu ɗaya, dubban ɗaruruwan maza masu iya bindiga suka wayi gari ba albashi, aka yi abin kunyar gidan yarin Abu Ghraib inda sojan Amurka suka azabtar da fursunoni, aka yi yaƙin Sunna da Shi'a, daga cikin tokar nan ISIS ta fito ta kama Mosul a 2014. Sojan Amurka kusan 4,500 suka mutu, fararen hular da aka iya ƙirgawa daga rahotanni sun haura dubu 180, wasu masu bincike ma sun ce adadin ya ninka haka.

TAMBAYA, daga wani mai gyaran waya a zangon Kumasi: Malam barka da aiki. Ni ban gane haɗin ba, meye ruwan kumbo da yaƙin Iraƙi? Ai zuwa wata abu ne mai kyau ko?

AMSA: Barka kadai maigida. Mai kyau ne mana, ni kaina ina cikin masu son harkar sama jannati, shi ya sa ma abin ke min ciwo. Bari in jera maka kwanakin sai ka ga yadda biri ya yi kama da mutum.

Ranar 1 ga Fabrairun 2003, kwana huɗu kafin jawabin Powell, kumbon Columbia ya tarwatse a sararin Texas yana dawowa ƙasa, duka mutum bakwai da ke ciki suka mutu. Kwamitin da ya binciki haɗarin bai tsaya kan ɓallin kumfar da ya fasa fiffiken kumbon ba, ya ce NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta daɗe ana ɗora mata kayan da ya fi kuɗin da ake ba ta, kuma ƙasar ba ta da wata alƙibla a harkar. A Oktoban shekarar China ta harba mutuminta na farko, Yang Liwei. Saboda haka da buƙatar a fito da sabon tsari, wannan kam ba musu.

To sai ranar 14 ga Janairun 2004 Bush ya je hedikwatar NASA ya ce za a kammala tashar sararin samaniya a yi wa tsoffin kumbunan ritaya a 2010, a ƙera sabo, a koma wata tsakanin 2015 da 2020, daga can a nufi duniyar Mars. Duba me ke faruwa a wannan watan. Shekarar zaɓe ce. Kwana uku kafin nan tsohon sakataren kuɗinsa Paul O'Neill ya fito talabijin ya ce tun zaman farko na majalisar tsaron ƙasa ta Bush a 2001 ake zancen kawar da Saddam, tun ba a kai harin Satumba ba. Kwana tara bayan jawabin na Bush kuma, David Kay, wanda aka ba aikin nemo makaman, ya ajiye aiki, ya je gaban majalisar dattawa ya ce kusan dukkanmu mun yi kuskure. 'Yan adawa suka ce wannan ai nuna wa mutane sama ne don kar su kalli ƙasa, masu zanen barkwanci suka yi ta tsokanar ko a Mars za a je neman makaman.

Ni ba zan rantse cewa don kau da hankali aka yi ba, an yi watanni ana shirya tsarin tun bayan Columbia. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne kuɗin. Sabon kuɗin da ya yi wa NASA alƙawari dala biliyan 1 ne a cikin shekara biyar, sauran biliyan 11 kuma a yanko daga wasu ayyukan hukumar. Wata biyu kafin nan, a Nuwamban 2003, ya sa hannu kan ƙarin dala biliyan 87 na Iraƙi da Afganistan, ƙari fa kawai, alhali kasafin NASA gaba ɗaya na shekara kusan biliyan 15 ne. Yaƙin da ba shi da hujja ya samu kuɗi har da rara, tafiyar da ke da hujja aka sallame ta da romon baka. Kwana shida da jawabin ya sake tsayawa gaban majalisa ya yi jawabin shekara, ya samu lokacin yin faɗa kan 'yan wasa masu shan ƙwayar ƙarin kuzari, amma ko sau ɗaya bai ambaci wata ko Mars ba. Kai in ka yi wa mace alƙawarin Makka ranar Laraba ai ba ka manta ba kafin Talata.

Abin ma kamar gado ne, babansa ya yi irin wannan sanarwa a Yulin 1989, da aka buga lissafi aka ji kusan dala biliyan 500 sai majalisa ta yi kunnen uwar shegu, maganar ta mutu.

Masana kimiyya su ma sun ji a jikinsu. Kwana biyu da jawabin aka soke tafiyar gyaran madubin hangen taurari na Hubble, aka ce don tsaron rayuka ne, aka yi ta kai ruwa rana sai da aka sauya shugaban NASA sannan aka dawo da ita, aka yi gyaran a 2009. A wannan Janairun dai wasu 'yan motoci biyu marasa direba, Spirit da Opportunity, suka sauka a Mars, su biyun kusan dala miliyan 800, an yi su don aikin kwana 90 amma Opportunity ta kai 2018 tana aiko da hotuna, shi ya sa wasu ke cewa a bar na'ura ta yi aikin mana tunda ita ba ta cin abinci ba ta barin marayu.

Ƙarshen shirin, wanda aka sa wa suna Constellation, an kashe masa kusan dala biliyan 9, kwamitin da Obama ya kafa a 2009 ya ce kuɗin da ake da shi ba zai kai shi ko'ina ba, a 2010 aka soke. Tsoffin kumbuna suka yi tashin ƙarshe a Yulin 2011, daga nan har Mayun 2020 Amurka ba ta da abin hawan da zai kai ɗan ƙasarta sama, sai dai ta sayi kujera a kumbon Rasha, kujera ɗaya ta kai dala miliyan 80 da ɗoriya. Abin da ya tsira daga shirin shi ne kumbon Orion, wanda ya je ya zagayo wata ba kowa a ciki a ƙarshen 2022. Obama ma ya sha suka a kan sokewar, har Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka wata, da ba ya son magana sai da ya fito ya yi ƙorafi.

TAMBAYA, daga wata uwargida a Kano: Malam dan Allah duk wannan kuɗin da ake ƙonawa a sama ba gara a ciyar da talakawa ba?

AMSA: Hajiya ba ke kika fara wannan tambayar ba. A Yulin 1969 ana gobe za a harba Apollo 11, kumbon da ya fara kai mutum wata, Ralph Abernathy, wanda ya gaji Martin Luther King, ya ja iyalai matalauta da keken alfadarai har bakin wurin harba kumbon a Florida don ya nuna akwai masu kwana da yunwa a Amurka. Shugaban NASA na lokacin Thomas Paine ya fito ya same su a fili, ya ce da ƙin danna maɓallin gobe zai magance matsalarsu da ba za su danna ba, ya kuma gayyace su kallo.

A nan ni ina ɗan saɓa miki. Kasafin NASA bai kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin gwamnatin Amurka ba, ko a ganiyar Apollo kusan kashi 4 ne. In ramin da kuɗi ke zurarewa kike nema ki dubi yaƙin. An ce wa mutane zai ci dala biliyan 50 zuwa 60, mai ba Bush shawara kan tattalin arziki da ya ce zai iya kai 100 zuwa 200 bai ƙara wata uku a kujerarsa ba, daga baya masanin nan Joseph Stiglitz ya ƙiyasta tiriliyan 3. Shi kuwa tauraron ɗan'adam ko ba komai da shi ake hasashen damina, da shi wayarki ke nuna hanya.

Kuma tunda daga Kano kike, garinku na da hannu a harkar nan tun farko. A farkon shekarun 1960 NASA na da tashar bibiyar kumbo a Kano, da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya ranar 20 ga Fabrairun 1962 tashar Kano na cikin waɗanda suka bi sawunsa. A Agustan 1963 kuma shugaban Amurka Kennedy da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi magana ta waya ta tauraron Syncom 2.

TAMBAYA, daga wani ɗan acaɓa a Garwa: Malam tunda sun yi ƙarya a Iraƙi ashe zuwa watan ma na 1969 fim ne kawai aka haɗa?

AMSA: A'a ƙanena, a nan kam ka zarce. Dubi tsawon ran ƙaryar Iraƙi, takardun Nijar ba su kai ranar fara yaƙi ba aka tona su, makaman kuma ba a yi shekara ba mutumin da su da kansu suka tura ya dawo ya ce babu. Shirin Apollo mutum kusan dubu 400 suka yi masa aiki, an sauka sau shida tsakanin 1969 da Disambar 1972, mutum 12 suka taka, suka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382 waɗanda masana na ƙasashe da yawa suka bincika. Tarayyar Sobiyet da ke gasa da su, wadda da za ta fi kowa murnar kama su da ƙarya, tana da na'urorin bin sawun kumbo kuma ba ta taɓa musantawa ba. Sun bar wasu madubai a can da har yanzu ake haska musu haske daga ƙasa ana auna nisan wata. Kumbon Indiya Chandrayaan-2 ma ya ɗauko hoton inda Apollo 11 ya sauka a 2021, gindin kumbon na nan zaune inda suka bar shi da inuwarsa a gefe.